Robar da Na Kwance

Da ana mayar da hannun agogo baya, da na koma wata Laraba, a farkon daminar da na cika shekara tara, na bar robar Baba inda ya ɗaure ta.

A wani ƙauye kusa da Jos muke, kan tudu mai sanyi, kuma Baba na da bishiyoyin tuffa bayan gida. Ni ke janyo ruwa a rafi ina ba su kafin in tafi makaranta. A lokacin wata cuta ta shigo yankinmu, ganye ya yi baƙi ya zube, 'ya'yan su tsattsage tun suna ɗanye. Baba ya yi tafiyar yini guda a keke, ya samo 'yan rassa na wani iri da malamin gona ya ce cutar ba ta kama shi. Ya tsaga bishiyoyinmu ya yi musu aure da rassan, ya nannaɗe kowane mahaɗi da robar tayar keke. Yakan ce, "Aure sai da haƙuri, ko na itace ne."

Ni kuwa danƙon harbin tsuntsu nake so, don abokaina duk suna da shi. Ran nan Baba na kasuwa, na bi bishiyoyin ɗaya bayan ɗaya na kwance robar. Kurciya guda na harbo da ita.

Rassan suka bushe. Baba ya ɗauka shi ne bai ɗaure da kyau ba har iska ta kwance. Ina tsaye ya dubi tafinsa ya ce, "Hannun nan ba shi da sa'a." Na yi shiru. Cikin shekara biyu cutar ta cinye gonar, muka sare ta muka yi makamashi. Baba ya koma haƙar kuza, tari ya kama shi, ya rasu yana zargin hannunsa.

Yau ina ƙasar waje, a unguwar Pantai Dalam, wurin ɗana da ke koyarwa a jami'a. Tuffa ba ta yi a zafin nan, a kwali take zuwa kanti, wanda a nan ake kira kedai, kowace da ɗan tambari manne. Jiya jikata Hanifa ta yanko mini, ta ce, "Tsoho, makan lah, ci mana, ko haƙoran sun ƙare?" Na yi dariya na karɓa, amma na ajiye ta gefe ban ci ba.

Ba robar ke ci mini rai ba, shirun ne. Wanda ya yi ɓarna, don Allah ya faɗa tun mai yafewar na da rai.