Kawu Manu da 'Yar Rahoto

Duk wanda ya taɓa bi ta ƙofar gidan Kawu Manu a Aliero da azahar ya san ba a wucewa salin-alin. Tabarma a shimfiɗe, tire a tsakiya, shi kuma yana ƙwala kira: "Kai mai babur! Sabko ka sa hannu!" Ko ya san ka, ko bai san ka ba. Ni ɗan ƙanwarsa ne, a bakin tiren nan na girma, kuma ban taɓa ganin ya ci abinci shi kaɗai ba.

Da ciwon suga ya matsa masa, 'yarsa Hajara mai aikin asibiti a Abuja ta zo masa da wata na'ura. Wani ɗan abu a manne a damtse yana auna suga, wani a gefen ciki yana tura magani da kansa. Sai dai kafin ya ci, dole a danna mata a waya yawan tuwo ko shinkafar da zai ci, kuma komai ya faru Hajara na gani a tata wayar. Ta ja masa kunne: in suga bai daidaita ba, za a riƙa zuba masa nasa daban a cikin gida.

Kawu ya zabura. "Ni? Kwano daban awa ɗan kurkuku? Kuma in hwaɗa ma ƙarhe loma nawa za ni yi? Ko baƙo ba a yi mai wagga tambaya!" Tun ranar ya raɗa wa na'urar suna 'Yar Rahoto.

Dabararsa ta farko ƙarya ce. Ya sa na danna malmala ɗaya, ya tashi da biyu da rabi, ya kora da fura mai suga. Ba a jima ba na'ura ta fara tsuwa, sai ga kiran Hajara.

"Baba, mi kac ci?"

"Ɗan tuwo na, ɗiyata."

"Da mi?"

Ya harare ni, ya harari damtsensa. "Cikinku biyu, wa yat tsegunta?"

Sai kuma ranar da muka je suna Jega. Kawu ya zauna wa naman rago mai kitse, ga masa tana ɗigar mai, ga man shanu a miya. Na'ura ko uffan! Ya dinga nuna wa mutane damtse yana dariya: "Ta ji nama ta yi kurum! Ashe ita ma cin hanci taka yi!" Muka dawo gida yana ta cika baki. Da la'asar, yana sahun gaba, an kai goshi ƙasa, masallaci tsit, baiwar Allah 'Yar Rahoto ta saki kuka. Wallahi sai da na ciji leɓe don kada dariya ta ƙwace mini. Hajara ta yi masa bayani cewa mai da nama suna jinkirta narkewar abinci, sai bayan sa'o'i suga ke hawa. Kawu ya girgiza kai. "Wagga mai riƙo ta. Ta ƙyale ni Jega, ta bari sai bayan liman!"

Daga nan ya sauko. Hajara ta ce ya fara da kwaɗon zogale ko wake, ya rage tuwo, furar ma ba suga. Aka gwada, tsuwa ta ragu ƙwarai. Kun san Kawu, ai cewa ya yi albasar gonarsa da ke cikin kwaɗon ce ta yi aikin. To amma ba zai ci abin da baƙinsa ba su ci ba, don haka dokar ta hau kan kowa. Sai ya dafe murfin tuwo har a cinye ganye tas. Amininsa Malam Bawa na Mungadi ya gaji.

"Alhaji, ni lahiyata lau. Don mi za ni cin ganye awa akuya?"

"Tire guda, doka guda. Dibi tumbinka, ci!"

Haka dattawan unguwa suka shiga jinyar ciwon da ba su da shi. Hajara kuwa ba ta sake ɗaga maganar kwano daban ba.

Ba sugan ne ma ya kwantar da shi ba, zazzaɓi ne na 'yan kwanaki. A asibiti aka kawo masa fate a ɗan kwano da cokali ɗaya. Ya juya fuska bango. Aka yi lallashi, ya ƙi. Sai na gane, na roƙi a ba ni wani cokalin, na zauna a bakin gadon na ɗiba. Ya juyo a hankali. Loma uku ya yi, kowace sai ya ga na haɗiye tawa tukuna. Ashe wannan zazzaɓin ne ajalinsa.

Allah ya jiƙan Kawu Manu, ya yafe masa ƙaryar malmala. Ya Allah, bawanka bai iya zama shi kaɗai ba, ka sa ayyukansa na alheri su zauna tare da shi a kabarinsa. Amin.