Kakanku da Dutsen da Ya Ƙi Shan Ruwa

Kakanku, Allah ya jiƙansa, shekara talatin yana yanka wa masana dutsen yashi. Su ɗura wa dutsen ruwan gishiri, su bi da iskar hayaƙin nan da ake kira kabon, su ga ko zai riƙe ta a ƙarƙashin ƙasa.

Ran nan wata ɗaliba ta kawo ya yanka mata dutsen da za ta yi gwajin jarrabawarta ta ƙarshe da shi. Ya lasa, ya ce, "'Yata, mai shan ruwa kama harshe yake. Wannan bai kama ba, sauya shi."

Ta yi dariya. "Baba, harshenka ya fi injinmu?"

Kwana uku injin na tura ruwa cikin dutsen nata, ko ɗigo bai shiga ba. Ta dawo da hawaye, lokaci ya ƙure. Ashe tuni ya yanka mata wani mai shan ruwa ya ajiye.