Maganin Shanu a Rugar Baffa Jaɓɓi

Ban taɓa mantawa da ranar da muka kai magani wata ruga a bayan Kucheri ba. Shekara biyu ke nan da ba mu jiha, ina ƙaramin jami'in lafiya a Tsafe. Aikinmu raba ƙwayar kashe tsutsar nan da ƙudan bakin rafi ke sa wa mutum, wadda ke farawa da ƙaiƙayi ta ƙare da makanta. Sau ɗaya ake sha a shekara, kuma da sanda muke auna tsawon mutum mu san ƙwaya nawa za a ba shi.

Asalin maganin na dabbobi ne, daga baya aka gano yana yi wa mutane aiki. Ban ɓoye wa Baffa Jaɓɓi, dattijon rugar, wannan ba. Idonsa ya soma hazo, ƙafafunsa duk sun yi dabbare-dabbare don susa. Ya yi murmushi ya ce abin da ya tayar da shanunsa ba zai cuce shi ba, ya tara iyalinsa.

Ƙwayar na tafin hannunsa sai ga motar shugabanmu daga Gusau, mutumin da ba ya iya ganin taro ya kame bakinsa. Ko sallamar kirki bai yi ba, ya ce, "A jera su a ɗura musu, ai su da shanunsu magani guda ka yi musu!"

Direba ya tuntsire da dariya. A gaban surukan Baffa aka yi haka.

Baffa ya ajiye ƙwayar a kan tabarma. Ya ce mini, "Likita, na yarda in sha maganin nagge. Ban yarda a ɗura min ba."

Na roƙi shugaba ya ba da haƙuri, ya ce wasa ne, kuma in san matsayina. Shekara uku ina komawa rugar. Su shimfiɗa mini tabarma, su kawo nono, amma ba wanda ya buɗe baki ya sha maganin. Zuwana na ƙarshe, da shafa Baffa ke gane shanunsa. Shugaba kuwa an ƙara masa girma, har yau abin na ci mini rai.

Ku da kuka shigo aikin nan yanzu, ku riƙe wannan. Masana sun sha wahala kafin maganin saniya ya zama na mutum, amma bakin ma'aikaci ɗaya ya isa ya mayar da shi na saniya.