Pindar Mahaƙi da Igiyar Ƙasa

Pindar mahaƙi ne. Rijiya, masai, ramin ƙasar gini, duk aikin da sai an shiga ƙasa, shi ake kira a unguwarmu ta Ajilari. Daga wajen Biu ya zo Yerwa da matarsa Salomi tun kafin jirgin ƙasa ya iso garin, suka kama ɗaki jikin katangarmu. Gajere ne, ƙirji kamar turmi, ga haƙuri har ya yi yawa. Hausarsa kuwa ta tsince-tsince ce. Abin da ya ji a bakin mutane ya ɗauka, ba ya tambayar ma'ana.

Wata damina yana haƙar rairayi a bakin kogi ya tono wata halitta. Tsawonta ya ɗan wuce tafin hannu, kaurin yatsa, santsi kamar an shafa mata man shanu, ba ƙafa ko ɗaya. Ya kawo ta gida a ƙoƙo. Na leƙa ta katanga, na ce, "Kai Pindar, ka gaji da duniya ne ka kwaso maciji?"

Ya ce, "Iya, ba maciji ba. Duba ido."

Na duba, sai ga ta tana ƙiftawa. Maciji kuwa ba ya ƙifta ido, wannan ko ni na sani. Ya buɗe bakinta da tsinke, harshen guntu ne, ba dogon nan mai reshe biyu ba. Ya ce dangin kulɓa ce, ƙafa kawai aka hana ta, don a cikin rairayi take iyo, ƙafa sai ta tare mata hanya. Ba ta fitowa sarari, kuma duk rayuwarsa ta haƙa bai ga irinta ba sai jefi-jefi. Gara take ci. Shi kuwa gara ta cinye masa azarar ɗaki, don haka ya cika tsohuwar randa da rairayi ya saka ta, yana kwaso mata gara da hannu yana yi musu dariyar mugunta.

To mu mutanen Kano da ke unguwar muna da al'ada. In maciji ya sari mutum ba a kama sunansa, sai a ce igiyar ƙasa ta taɓa wane. Pindar ya sha jin kalmar a bakinmu. A tunaninsa, abin da ya yi kama da igiya, yake zaune cikin ƙasa, ai shi ne wannan na randarsa.

Ranar da abin ya faru, Hassana 'yar Malam Inuwa mai kayan koli ta sa hannu cikin tarin itace da safe, igiyar ƙasa ta taɓa ta. Kafin azahar jini na fita ta hanci da dasashi. Ta cika, aka kai ta makabarta, aka dawo. Gidansu bayan na Pindar yake, kuma an san yana kiwon wani abu a randa.

Kawunta Audu mahauci ne ya ja mutane, da wuƙarsa a ƙugu. Suka tarar da Pindar ya dawo daga rami, jikinsa duk laka.

Audu ya ce, "Kai mai haƙa, me ka ajiye a randar can?"

Pindar ya yi murmushi, wai zai nuna ya iya Hausa. Ya ce, "Igiyar ƙasa ne. Ni yake ba ta abinci."

Bai rufe baki ba tabarya ta sauka a kansa. Ya faɗi, suka hau shi da duka, wani da sanda, wani da tubali. Na ji ƙarar ƙashin hannunsa daga inda nake tsaye. Ina ihu ina cewa kulɓa ce, ku matsiyata, kulɓa! Wa ke jin mace? Malam Inuwa da ko kaza ba ya iya yankawa, na gan shi yana taka fuskar mutum da takalmi.

Audu ya fasa randar, halittar ta faɗo tana neman nutsewa. Ya kai mata sara, wutsiyar ta rabu tana tsalle ita kaɗai, mutane suka ja baya suna salati, wai ga sihiri a fili. Wani ya ce a kawo kananzir.

Sai Salomi ta fito. Siririyar mace ce, ba ka jin muryarta a unguwa. Ta sunkuya ta damƙi halittar ta wuya, ta yi tsalle ta kama Audu, ta danna bakin a damtsensa har sai da ya kama fata. Ƙaton nan da ke kayar da bijimi ya zube yana kiran uwarsa.

Ta ce, "To ku jira. In ya mutu ku ƙone mu mu biyu."

Suka ɗaure su a gindin dalbejiya, ita da mijin, da galan ɗin kananzir a gefe. Audu na kwance yana wasiyya, an ɗaure masa hannu da tsumma har ya yi baƙi. Ƙuda na bin kan Pindar, an hana a ba shi ko ruwa. La'asar ta yi, ta wuce. Hannu bai kumbura ba, jini bai zo ba. Na je na tsaya kan Audu na ce, "Mahauci, in mutuwar ta fasa zuwa ka tashi, ka tare mana hanya."

Ɗaya bayan ɗaya suka sulale. Ni da Salomi muka ɗora Pindar a jaki zuwa asibiti. An ɗinke kan, amma hannun dama ya shanye, idon hagu ya tafi. Bai sake shiga rami ba. Ya koma jan jakin ruwa da hannu ɗaya, kuma bai bar unguwar ba. Kullum sai ya wuce ta ƙofar Malam Inuwa ya gaishe shi, shi kuwa ya amsa kansa a ƙasa. Haka suka yi har Pindar ya rasu, Salomi ta kai shi Biu.