Wankan Jego Ranar Arfa

Na haifi 'yata ta fari saura kwana ashirin da bakwai alhazai su fita Mina. Wannan shi ne kuskurena na farko, in ji Gwaggo, sai ka ce ni na zaɓi watan.

Gwaggo ba 'yar'uwar ubana ba ce, babu abin da ya haɗa mu. Matar mutumin da ke saukar da alhazan ƙasarmu ce, kuma duk matan unguwarmu, can a Makka, bayan Jarwal ta wajen Utaibiyya, haka suke kiranta. Ita kaɗai ke da gidan dutse. Mu sauran bukkoki ne na buhu da tsofaffin garewanin da aka fasa aka baje. A gidanta akwai randuna uku, kullum a cike, da ƙyalle fari a bakinsu. Na sha ƙirga su da ido.

Ni kuwa tsoro ne ya cika ni. Yayata ta haihu a hanyarmu ta zuwa, a wani ƙauye a Sudan inda ruwan sha ma da ƙyar ake samu. Wankan jego na kwana shida ta yi. Ƙafafunta suka fara kumbura, sai fuska, har zoben azurfarta ya shige cikin yatsa. Ba ta kai arba'in ba. Tsofaffin ayarinmu suka ce ɗanyen jiki ne, sanyi ya shige ta. Ni ban yi karatu mai nisa ba, ban san gaskiyar abin ba, amma na ga yatsan nan. Shi ya sa tun ranar da na haihu, kowace safiya sai na danna ƙwaurina da babban yatsa in ga ko zai lotsa.

Wankan jego a garinmu ba wani abu ba ne. Ga rijiya a tsakar gida, ga itace, ga uwarka a kanka. A Makka kuwa garwa biyu nake bukata kullum, ɗaya da safe ɗaya da yamma, a tafasa ta sai ta yi ƙara. Ruwan sakka ne ke kawowa, wato mai ɗauko shi daga bazan, babbar matattarar ruwan unguwa, da sanda a kafaɗa. Itace babu. Maigidana, wanda dako yake yi, shi ke tsinto ɓallin akwatuna da busasshen kashin raƙuma a masaukin ayari. Ganyen tsamiya ma babu, sai na magarya, irin wanda ake yi wa gawa wanka da shi. Ungozoma ta yi mini na kwana bakwai ta tafi. Daga nan ni ke tsoma ganyen in fyaɗa wa jikina, ina cije leɓe, ina jin warin da na ji ranar da aka wanke yayata.

Gwaggo takan zo bayan la'asar, da mafici a hannu. Ta zauna a kan tabarmata ɗaya tilo, ni in koma ƙasa.

"Mai jego, kwana nawa yau?"

"Goma sha tara, Gwaggo."

"To, saura ashirin da ɗaya. Uwa ba ta fara abu ta ajiye, kin ji ko? Ki dubi uwarmu da ta yi gudu tsakanin Safa da Marwa. Ta tsaya a na shida? Ba ta tsaya ba. Sai da ta cika bakwai Allah ya buɗe mata. Ku 'yan matan yanzu, wallahi, da kun ji zafi kaɗan sai ku ce halas, shi ke nan, kun gaji."

Labarin gaskiya ne, kuma ina son sa. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne bakin da yake fitowa daga ciki. Baiwar Allahn nan ruwa take nemar wa jaririnta. Gwaggo kuma ta ba da labarin ƙishirwa sau ashirin a ɗakina, ba ta taɓa shigowa da ko moɗa ɗaya ba. Hasali ma takan sha nawa. Ta ce, "'Yar nan, ba ni moya, wannan zafi na yau." Ruwa ke nan da Larabci. In ɗebo daga garwar wankan yamma in ba ta, ta kurkure baki da rabi ta tofar a ƙofa. Ina kallon ƙasa tana shanyewa.

Tafin hannunta na lura da shi. Laushi kamar na jaririyata, da jan lalle har wuyan hannu. Wannan hannu bai taɓa sanin igiyar guga ba, balle bakin garwa.

Ranar takwas ga wata kowa ya ɗaure kaya. Maigidana zai bi alhazai da dako, kwana biyar. Ni jinin biƙi bai ɗauke ba, ba ni da wurin zuwa. Ya cika mini garwa biyu, ya tara kashin raƙumi a bayan bukka, ya tsaya yana sosa ƙeya.

Gwaggo ta leƙo daga kan jakin da za a kai ta wajen mota. "Kai, tafi abinka! Na yi magana da sakka, zai riƙa kawo mata. Ke kuma mai jego, abu biyu. Kada ki tsallake wanka ko sau ɗaya. Kada kuma ƙafarki ta taka waje kafin arba'in, iska ce za ta shige ki. Mai haƙuri Allah yana tare da shi."

Ta yi magana da sakka! Wace mace ce ta shekara talatin a Makka ba ta san cewa ranar takwas duk masu ruwa Mina suke tafiya ba? Ni da na yi shekara biyu ma na ji a jikina. Amma Gwaggo ba ta taɓa kwana a gari ranar Arfa ba, kuma randunanta ba su taɓa gaya mata daga ina ake cika su ba.

Garwa biyu suka ƙare a ranar. Washegari, ranar Arfa, na jira har rana ta take tsaka. Ba sakka, ba kowa. Unguwa tsit, sai kuliyoyi da wata tsohuwa makauniya da ke tari a can ƙarshen layi. Na danna ƙwaurina. Na sake dannawa. Sai na ga kamar ya lotsa kaɗan. Na zauna ina lissafi irin na wadda ba ta da mai tambaya. In na zauna a ɗaki na bar wanka. In na fita neman ruwa na karya ɗayar dokar. Duka biyun mutuwa aka ce. Gwaggo ta ba ni su a jere kamar dabino biyu, ta kaɗa jakinta.

Na dubi yarinyar. Na tuna yayata a ɗaki ta mutu, ba iska ce ta kashe ta ba. Na goya 'yata, na toshe kunnuwana da auduga, na naɗe kaina da zane biyu, na ɗauki garwa.

Ban taɓa ganin Makka haka ba. Kantuna a rufe, tattabaru suna yawo a tsakiyar hanya kamar su suka gaji garin. Ƙasa na ƙona ƙafa ta cikin takalmi. A bazan, inda kullum maza ke ture juna suna zage-zage, babu kowa sai wani dattijo mai gadi yana gyangyaɗi. Ya buɗe ido ɗaya, ya dubi goyona, ya ce wani abu da Larabci wanda ban gane ba, ya tashi ya cika mini, ya ɗora mini a ka.

Sau huɗu na sauke kafin in kai gida. Duk saukewa sai in ji kamar cikina zai zubo. Na hura wuta, na yi wankan safe da azahar. Na koma na ɗebo na yamma. Washegari, ranar Sallah, na koyi dabara: in ajiye garwa a kan dutse tun hantsi, rana ta yi mini rabin aikin, kashin raƙumi kaɗan ya ƙarasa. Haka na yi kwana huɗu, sawu takwas. Ban tsallake ko ɗaya ba. Fatar tafin hannuna ta saɓule, ƙeyata ta ƙage, amma ƙwauri bai lotsa ba.

Da suka dawo maigidana ya ga sawun ƙafata a hanyar bazan kafin in ce komai. Ya zauna a ƙofa yana duban tafin hannuna. Gwaggo kuwa ban gaya mata ba, ita ma ba ta tambaya ba. Cewa ta yi, "Kin gani? Ba na ce miki sakka zai zo ba?"

Ranar arba'in mata suka taru a ƙofata, an dama kunu. Gwaggo ta hau tabarma ta buɗe baki.

"Ku dube ta, jiki ya gasu, fata sai sheƙi. Yarinyar nan da ba don na tsaya a kanta ba, da tun a kwana sha biyar ta yar da wankan. Kullum ina nan, kullum ina gaya mata, uwa ba ta fara abu ta ajiye."

Mata suka ce, "Allah ya saka, Gwaggo." Wasu da suka ji labari wajen makauniya suka sunkuyar da kai cikin ƙwarya.

Saura wanka ɗaya ya rage mini, na yamma. Garwar tana nan dab da gwiwar Gwaggo, cike har baki. Na durƙusa kamar yadda ya kamata.

"Gwaggo, tunda ke kika fara da ni, ki ƙarasa mini. Ɗan miƙo mini ruwan nan in ɗora a wuta, in sami albarkar hannunki."

Ta dubi mata. Babu yadda za ta yi. Ta ajiye mafici, ta kama bakin garwar da 'yan yatsu, ta ja. Ba ta motsa ba. Ta sa hannu biyu, ta yi nishi, garwar ta tashi kamar faɗin yatsa ta koma, ruwa ya fallatsar mata a takalmi.

"La ilaha illallahu! Me kika zuba a ciki, duwatsu?"

"Ruwa ne, Gwaggo. Haka nauyinsa yake."

Wata ta ƙware da kunu. Na ɗauki garwar na wuce bayan bukka, na hura wuta da sauran kashin raƙumin, na jira ta tafasa. Ina jin muryar Gwaggo ta bango tana cewa bakin garwar ne ke da kaifi. Na tsoma ganye na yi wankana na ƙarshe, na tamanin. Da na gama na danna ƙwaurina, don hannu ya saba, sannan na fito na karɓi 'yata.