Daga Dungas zuwa Magariya Bisa Batir Mai Tafasa

Ku matso kusa, ƴan'uwa, ku ji tafiyata guda ɗaya tak a mota zamanin Nasara. Ni ba mai yawo ba ce, daga murhu sai rijiya. Amma ɗiyata ta fari ta kwana biyu bisa gwiwa, haihuwa ta ƙi zuwa, ungozoma ta ce a kai ta Magariya wurin sajfam, ungozomar asibiti, ko a rasa ta.

Dungas, ƙarfe biyar da rabi na asuba

Kamiyon gujiya ne, babbar motar kaya, na wani direba Malam Isufu. Aka shimfiɗa mata tabarma bisa buhuna, ƙanwata Gambo ta riƙe kanta, mijinta Mamman ya tsuguna can gefe. Ni kuwa kun san kunyar ɗan fari. Ban taɓa faɗin sunanta ba, balle in zauna kusa da ita idon mutane. Sai aka sa ni gaba, kusa da direba.

"Kilomita hamsin da ɗoriya ne, Inna," in ji shi. "In rairayi ya bar mu, hantsi muna can."

Da muka tashi na ji wani abu a gaban mota yana ƙas, ƙas, duk sa'ad da ya taka ko ya sassauta. Na ce mene ne wannan?

Ya yi dariya. "Kunnenki da kaifi! Wata ƴar baƙar akwati ce. Dinamo yana haifar wuta, ita take auna wa batir rabonsa. In ya ƙoshi ta tsai da ita."

"Ina batir ɗin?"

"Kina zaune kansa."

Wata rijiya, ƙarfe bakwai saura kwata

Mun yi kamar kilomita ashirin sai na lura ƙas-ƙas ɗin nan ya ɗauke. Can kuma ƙarƙashina wani abu ya soma tsss, irin kukan tukunya gab da tafasa. Wari ya biyo, kamar ruɓaɓɓen ƙwai.

"Malam Isufu, abinka na tafasa."

"Inna, buhuna ne ke gogar juna."

"Ɗan nan, shekara talatin ina gaban murhu. Buhu ba ya tafasa."

Ya dube ni, ya shaƙi iska. Sai na ga ya murƙushe tabarsa da yatsa ya jefar. Ya tsaya bakin rijiyar bai kashe mota ba, ya ce in sauka. Ya ɗaga kujera, ya taɓa batir, ya janye hannu da sauri. Ruwan ciki sai ɓulɓul yake.

"Innalillahi. Akwatin ta manne, wuta na kwarara ba awo. In ya ƙone nan za mu wuni, in ya fashe kuwa..." Bai ƙarasa ba.

Mamman ya leƙo daga sama. "A gyara mana!"

"Sai na kashe mota. In na kashe, batir ɗin nan ba zai sake tada ita ba. Allurar da ke nuna mini wuta kuma tun bara ta mutu."

Daga bisa buhuna na ji nishin yarinyar nan, siriri. Na ce, "Mu in tuwo zai ƙone, janye itace muke yi, ko mu kwashe garwashi mu kai wani murhu."

Sai ya kunna fitilun mota duka, ga gari ya waye sarai, ya ce su ci rarar wutar. "Janye itace kuwa shi ne tafiya sannu. Amma rairayi ba ya son sannu. Inna, ki hau. Ke ce allurata yau. In kukan ya ƙaru ki faɗa mini."

Cikin rairayi, bakwai zuwa tara da rabi

Haka muka tafi. Na sunkuya, kunne ɗaya manne da bakin kujera, zafi na gasa mini kunci. In ya taka don ya haye rairayi, kukan ya tashi, in ce, "Sassauta!" In ya lafa in ce, "Taka!" Sau biyu ƙafafun mota suka nutse, Mamman ya dira ya tura musu kara da hannu. Masu jakuna suka riƙa nuna mu, mota da fitila ga rana. Gambo ta miƙo mini fura ta taga, ban ko dube ta ba.

Abin da ya fi mini wuya, ɗaya kunnen yana baya. Wajen ƙarfe tara nishin ya ɗauke. Na so in ɗaga kai in tambaya, daidai nan batir ya ɗauki kuka. Na ce, "Sassauta," na bar kaina inda yake.

Shingen gardi, bakin Magariya, goma saura kwata

Gardi, dogarin Nasara mai jar hula, ya ɗaga sanda. "Kai! Fitila da rana? Bikin uban wa? Kashe mota, kawo takardu, a sauke buhu biyu in gani!"

"Ranka ya daɗe, in na kashe ba ta tashi."

"Na ce kashe!"

Na ga hannun Malam Isufu ya nufi makulli. Ban san sa'ad da na riƙe hannun ba. Na leƙa ta taga na ce wa gardi, "Ɗan nan, hau ka duba. Hadiza ce a sama. Ɗiyata ce, ta fari. Hadiza!"

Daga baya Gambo ta ce har ta saki salati, don ba ta taɓa jin sunan nan a bakina ba. Sai wata ƴar murya daga bisa buhuna ta ce, "Na'am, Inna."

Gardi bai hau ba. Ya ɗage itacen shinge da kansa ya ce, "Ku bi ta bayan kasuwa, ya fi kusa."

Magariya

A ƙofar disfansar, wato asibiti, motar ta mutu, ba ta sake motsi ba sai da aka kawo wani batir. Kafin azahar sajfam ta fito ta ce mace ce, uwa da ɗiya suna numfashi. Muka sauka gidan wata ƴar'uwar Mamman kwana tara, tuwon dawa da miyar kuka, kunun kanwa ga mai jego. Nan aka yi suna.

Komawa

Kamiyon nan dai ya maido mu. Malam Isufu ya nuna mini cikin akwatin, ƴan ƙarafa biyu da ba su kai ƙwayar wake ba, ya ce da bayan kwalin ashana ya goge su suka rabu. Duk hanya ina jin ƙas, ƙas, har muka shiga Dungas da la'asar. Na gode Allah, na gode wa Malam Isufu, da gardin nan da ban san sunansa ba.

Har yau tsofaffin unguwarmu suna cewa na zubar da kunya gaban suruki da baƙon namiji. To ku da kuka ji yadda aka yi, in ku ne hannun nan ya nufi makulli, da kun yi shiru?