Layin da Liatu Ta Ja

Ranar 9 ga Maris, 1977, na kai fayil wani ofishin safiyo a Funtuwa, a nan na gan ta. Siririyar mace ce, na ji ana kiranta Liatu. Ta ɗora takarda shara-shara a kan taswira, tana bin ɗigo-ɗigon da masu awo suka bari, tana haɗa su da layi ɗaya mai lanƙwasa. Layin nan shi ne iyakar ruwan sabon dam. Duk gonar da ta faɗa cikinsa ta tafi.

Manoma sun cika taga, sun zuba mata ido. Zufa ta jiƙa ɗankwalinta. Tana riƙe numfashi duk sa'ad da alƙalami ya taɓa takarda, domin tawadar ba ta goguwa.

Wani dattijo ya ce, "'Yar Sulemanu, in kin iso gonata, ɗan karkata hannun mana."

Ta ce, "Baba, ɗigon nake bi."

Ina tsammanin a ƙauyen dattijon ta tashi.

Layin ya fita sumul. Ruwa ya ci gonar dattijon. Liatu ta nemi canji zuwa Kaduna, kuma an gaya mini ba ta sake taka ƙauyen ba.